Ƙagaggen Labari da Littafin Haƙiƙa: Shawara a Kan Karanta Su Bibbiyu

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka nemi malamin Hausa ya zayyana wa ɗalibi littattafan zube waɗanda ya kamata ya karanta, abin da aka saba gani shi ne ya ba shi jeri biyu. Jeri na farko na ƙagaggun labarai ne, wanda kusan kullum da Ruwan Bagaja yakan fara. Jeri na biyu kuwa na littattafan haƙiƙa ne, wato tarihi da al'adu da tarihin rayuwar mutane da labaran tafiye-tafiye. Daga nan sai ɗalibin adabi ya ɗauki jeri na farko, ɗalibin tarihi ya ɗauki na biyu, kowa ya kama gabansa, ba mai leƙa kwandon ɗan'uwansa.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa wannan rabo yana jawo wa mai karatu hasara, sa'an nan ta ba da shawarar wata hanya ta daban, wato a riƙa haɗa ƙagaggen labari da littafin haƙiƙa wanda ya taɓo zamani ɗaya ko matsala ɗaya da shi, a karanta su tare. Za a kawo misalai huɗu. Za a fi daɗewa a kan biyun farko, domin a nan ne amfanin hanyar ya fi fitowa fili, kuma a nan ne abin da ake magana a kansa ya fi nauyi, wato bauta da zuwan Turawa.

2.0 Asalin Rabon

Ba a makarantun boko aka fara raba labari gida biyu ba. Tun asali Bahaushe ya bambanta labari da tatsuniya. Labari abu ne da aka ɗauka ya faru, wanda dattijo zai iya faɗa a zaure da rana tsaka. Tatsuniya kuwa ta dare ce, ta mata da yara, kuma mai yin ta takan rufe da amsa cewa ba gaskiya ta faɗa ba. Saboda haka lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zagaya garuruwan Arewa a 1933 yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai domin gasa, sai ya tarar da malamai da yawa suna ganin wannan aiki bai dace da mutum mai mutunci ba. Shi da kansa ya bayyana haka a wata maƙala da ya buga a 1936.

Abin lura shi ne dabarar da marubutan farko suka yi don kauce wa wannan zargi. A cikin littattafai 5 da wannan yunƙuri ya haifar, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, ukun farko duk zubi ɗaya suka bi. An zaunar da tauraro a gaban masu sauraro yana ba da labarin rayuwarsa da bakinsa, kamar mai ba da shaida. Alhaji Imam yana bai wa Koje Sarkin Labari nasa, Ganɗoki yana bai wa yara labarin yaƙe-yaƙensa, Shaihu Umar kuma yana bai wa almajiransa a Rauta. Bugu da ƙari, garuruwan da suka ambata da yawansu na gaske ne, irin su Kwantagora da Kano da Maƙarfi da Burmi. Ashe ke nan tun farkon fari ƙagaggen labarin Hausa ya sanya rigar labari ne, ya guje wa zanen tatsuniya. Marubutan da suka jingina ƙirƙirarsu da tarihi haka, ai sun riga sun gayyaci mai karatu ya kawo littafin tarihi ya ajiye a gefen nasu.

3.0 Shaihu Umar, Tarihin Kano da Labarin Baba

Wanda yake son ya san yadda littafin tarihin sarauta yake kallon bawa, sai ya duba Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta fitar cikin juzu'i 2 a farkon shekarun 1930, inda aka fassara tsohon tarihin sarakunan Kano daga Larabci. A zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, tarihin ya ambaci Galadima Dawuda wanda ya yi ta kai hari kudu yana aiko da bayi, har aka ce ya kafa garuruwa 21, kowanne da bayi 1,000. An kawo wannan ne a matsayin alamar ƙarfin sarki da arzikin ƙasa. Ba a faɗi sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane ba, ba a faɗi garin da aka rabo shi da shi ba, balle wanda ya bari a baya. Ba laifin marubucin ba ne, domin shi abin da ya sa gaba shi ne jerin sarakuna da shekarun sarautarsu da yaƙe-yaƙensu. Amma mai karatun da ya tsaya a nan zai tashi da lissafi kurum.

To, a nan ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yake shigowa. Littafin ya ɗauki mutum biyu daga cikin irin wannan taro ya ba su fuska. Umar maraya ne, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden Sarkin Kagara. Bayan an dawo daga wani hari sai maƙiya suka yi wa Makau sharri wajen sarki, aka kore shi daga gari, ya je ya zauna a Maƙarfi. Kafin uwar ta bi mijinta sai aka sace yaron, ya faɗa daga wannan hannu zuwa wancan har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa ta ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta bazama nemansa, ita ma aka mai da ita baiwa, aka ƙetara Sahara da ita. Sun sadu a Tarabulus bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta rasu.

Yawancin sharhin da ɗalibai suke yi wa wannan littafi yakan tsaya a kan Umar, a ce jigonsa haƙuri ne da yarda da ƙaddara, da kuma ɗaukakar da ilmi yake kawowa. Wannan gaskiya ne, amma rabin littafin ke nan. In aka lura, marubucin ya shimfiɗa hanyoyi biyu ne kafaɗa da kafaɗa. Ɗa ya shiga bauta ya fito shaihi, uwa ta shiga bauta ta fito gawa. Haƙurin da ta yi bai gaza nasa ba, amma sakamakonta a duniya bai wuce ganin ɗanta sau ɗaya ba. Ɓalewa bai tsaya ya yi wa mai karatu wa'azi a kan wannan ba. Ya bar labarin a bakin Umar, cikin murya mai sanyi irin ta malami, kuma wannan sanyin murya shi ya sa abin ya fi sukar zuciya. Daɗin daɗawa, Makau wanda aka nuna shi mutumin kirki abin tausayi, sana'arsa ita ce kai hari a kamo mutane. Littafin bai la'ance shi ba. Abin da ya yi shi ne ya bar mu mu ga irin wannan sana'a ta juyo ta cinye iyalinsa.

Akwai tambayar da ƙagaggen labari ba zai iya amsa wa kansa ba, wato shin haka abin yake, ko kuwa marubuci ne ya ƙara gishiri? Littafin da ya fi dacewa a nema wa amsa a cikinsa shi ne Baba of Karo, wanda aka buga a 1954, daga baya kuma aka fitar da Hausarsa da sunan Labarin Baba Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano. Tarihin rayuwar wata Bahaushiya ce wadda aka haifa wajen 1877, ta rasu a 1951. Mary Smith ce ta rubuta shi daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950. Baba ta tashi a gidan da yake da rinjin bayi, ta kuma bayyana yadda ake raba aikin gandu, da yadda bawa yake da lokacin noma tasa gayaunar, da yadda 'ya'yan bayi da na iyayengiji suke tashi tare. Amma wannan gida nasu mai bayi bai tsira daga mahara ba. Ta ba da labarin yadda aka kama mata daga cikin danginta, da yadda maza suka yi ta bin sawu gari gari, suka tara wuri suka fanso su.

In aka karanta wannan bayan Shaihu Umar, abubuwa biyu suke bayyana. Na farko, satar yaro da mai da 'ya baiwa ba ƙarin gishirin marubuci ba ne, abu ne da mutanen ƙauye suke kwana da tsoronsa. Na biyu, shirun da Ɓalewa ya yi game da ita kanta bauta ba nasa ba ne shi kaɗai. Ita ma Baba abin da ya fi ɗaga mata hankali shi ne a kama ɗa, amma zaman bayi a rinjin gidansu ta faɗe shi ne kamar yadda take faɗar shuka da girbi. Mutum ɗaya yana iya zama mai bayi yau, gobe ya zama mai neman kuɗin fansar matarsa, bai kuwa ga saɓani a tsakani ba. Wannan ita ce fahimtar da ɗalibi ba zai samu ba daga littafi ɗaya cikin ukun nan, sai ya haɗa su.

Ga wanda yake karanta Ingilishi, yana da kyau ya ƙara da Slow Death for Slavery na Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, wanda ya fito a 1993. A ciki zai ga cewa dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta waɗanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na wannan shekara ne, ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Ma'anar wannan ita ce, lokacin da Shaihu Umar ya fito a 1934, akwai mutanen da har a lokacin doka ba ta gama raba su da iyayengijinsu ba. Matashin malamin makaranta da ya rubuta shi a Bauci ba tsohon zance ya tono ba, ya taɓo abin da yake a raye a gidajen waɗansu daga cikin masu karatunsa.

4.0 Ganɗoki da Tarihin Fulani

Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara littafi ne da ya rabu gida biyu, kuma manazarta sun daɗe suna ganin wannan rabuwa a matsayin rauni. A kashi na farko tauraron barde ne na Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, yana yaƙar Turawa, ana ta ja da baya har zuwa Burmi. A kashi na biyu sai ya nufi gabas tare da ɗansa Garba Gagare, labarin ya bar duniyar da muka sani ya shiga ta aljannu, inda ba wanda yake iya tsayawa a gaban takobinsa. A ƙarshe ya komo gida ya tarar da ƙasa ta sake a ƙarƙashin Turawa, ya kuma yaba da abin da ya gani.

Kashi na farko yana tafiya ne a kan turbar tarihi. Turawa sun ci Kwantagora a 1901, suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, sa'an nan aka yi karon ƙarshe a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu. Littafin da ya kamata a ajiye a gefensa shi ne Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya biyo tarihin daular daga asalinta zuwa sarakunan da suka gaji Shehu. Dalilin zaɓensa bai tsaya ga abin da yake ciki ba, ya haɗa da wanda ya rubuta shi. Bayan faɗuwar Sakkwato shugabanni sun rabu kan abin yi. Attahiru ya zaɓi hijira zuwa gabas, jama'a masu yawa suka bi shi. Waziri Buhari kuwa, bayan ya shawarci malamai, ya zaɓi ya zauna ya yi sulhu da Turawa don kada jama'ar da ta rage ta tarwatse, har ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa. Waziri Junaidu ɗan wannan Waziri Buhari ne. Ke nan littafi ɗaya ya fito daga gidan da ya zauna, ɗayan kuma tauraronsa yana cikin waɗanda suka tafi.

Da wannan haske, rabuwar Ganɗoki gida biyu sai ta sami ma'ana. Bello Kagara ya ga zuwan Turawa yana yaro, ya girma ya zama malami a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina. Mutum ne wanda rayuwarsa ta bi hanyar zama, amma alƙalaminsa ya bi masu hijira. Tarihi bai ba shi damar ya sa Ganɗoki ya ci nasara a Burmi ba, domin masu karatunsa sun san yadda aka ƙare. Sai ya ɗauke shi ya kai shi inda bindiga mai ruwa ba ta isa, ya bar shi ya ci duk nasarar da aka hana shi a gida, sa'an nan ya dawo da shi ya sasanta da sabon zamani. A ganina ƙasar aljannun nan ba kuskuren zubi ba ce. Ita ce kaɗai wurin da marubuci ma'aikacin gwamnatin Turawa, wanda hukumar Turawa za ta buga wa littafi, zai iya ajiye baƙin cikin 1903.

Amma kada mai karatu ya rufe Ganɗoki bai koma ga Baba ba. Shi wannan Nagwamatse da Ganɗoki yake alfahari da yi wa barde, shi ne wanda Baba take kira Mai Sudan, wanda mayaƙansa suka addabi ƙauyukan da ta sani. A littafin Bello Kagara muna bayan doki ne, muna jin kirari da ƙarar tambura. A labarin Baba muna cikin ƙauye ne, muna jin kururuwa da gudun shiga gari mai ganuwa. Ta kuma faɗa ƙarara cewa talakawa irin nata sun yi maraba da ƙarewar hare-hare, ko da yake bayin gidansu sun watse, aikin gona ya dawo kan 'ya'yan gida. Mutum ɗaya, zamani ɗaya, amma shaida biyu da ba su jitu ba. Ɗalibin da ya karanta Ganɗoki kaɗai zai ɗauka cewa duk ƙasar ce ta yi kuka a 1903. Wanda ya karanta Baba kaɗai zai ɗauka ba a yi hasarar komai ba. Dukansu biyu sun ji rabi ne.

5.0 Ruwan Bagaja da Tafiya Mabuɗin Ilmi

Wannan misali ya fi sauƙi, domin marubucin ɗaya ne. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22, ya aika da Alhaji Imam yawon duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, suna ta yi wa juna ƙeta shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Shekaru 10 bayan haka, a 1943, shi kansa marubucin, yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944.

Amfanin haɗa su shi ne ɗalibi ya ga abin da yake na marubuci da abin da yake na nau'in rubutu. Ido mai lura da halin mutane, da iya tsara zance, da barkwanci, suna nan a duka biyun. Abin da ya sake shi ne haƙƙin da yake kan mai ba da labari. Matafiyin ƙirƙira baƙo ne wanda yake cin kowane gari da wayo, ya wuce ba a tambaye shi ba. Matafiyin gaske kuwa wakili ne, ya san mutanen gida suna jiran ya gaya musu abin da ya gani da abin da za su ɗauka daga ciki. Wanda ya ji daɗin wannan gwaji yana iya ƙarawa da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, ya ga yadda ɗan siyasa yake kallon Turai dabam da yadda ɗan jarida yake kallonta.

6.0 Alhaki Kuykuyo Ne da Littattafan Al'ada

Hanyar nan ba ta tsaya ga littattafan zamanin Turawa ba. Ɗalibai da yawa sun fara sanin tsarin auren Hausawa a rubuce ne daga littattafan al'ada irin su Zaman Hausawa, wanda Habibu Alhassan da abokan aikinsa suka wallafa a 1982. Irin waɗannan littattafai suna da amfani ƙwarai, domin sun tsara matakan aure daki-daki, tun daga nema da gaisuwa da sa rana har zuwa ɗaurin aure da tarewa, sun kuma adana kalmomin da suke neman ɓacewa. Amma aikinsu shi ne bayyana yadda abu ya kamata ya kasance. Ba su cika bin amarya su shiga ɗaki su ga abin da ya same ta bayan shekara 20 ba.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, daga nan ya fara. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, tana da 'ya'ya 9, cefanen da yake bayarwa ba ya isa. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su, har 'yarta Saudatu ta sami miji nagari. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta guje shi, sai aka taru aka matsa wa Rabi ta koma. Wannan ƙarshe ya daɗe yana raba kan masu karatu, waɗansu suna ganin marubuciyar ta ja da baya ne. In aka karanta shi tare da littafin al'ada, sai a ga ba haka ba ne. Waɗanda suka mai da Rabi su ne dangi da surukai da manya, wato su ne dai ginshiƙan da littafin al'ada yake yabo a matsayin masu riƙe aure. Marubuciyar ta nuna su suna aikinsu, ta kuma nuna wadda nauyin aikin ya faɗa wa.

A nan ma Baba tana da abin cewa. Ta yi aure sau 4, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan dangi, ta kuma yi bayani mai tsawo a kan ƙawance da biki da sana'ar mata a cikin gida. Wanda ya karanta ta zai gane cewa tukunyar abincin sayarwa da Rabi ta dogara da ita ba sabon abu ba ne da birni ya kawo, tsohuwar garkuwa ce ta matan Hausawa. Zai kuma lura cewa Baba, wadda aka haifa a ƙarni na 19, ta fita daga auren da ba ta so, alhali Rabi ta ƙarshen ƙarni na 20 an mai da ita cikin wanda ya wulaƙanta ta. Wannan ya isa ya sa ɗalibi ya yi hattara da zaton cewa kullum jiya ta fi yau ƙunci ga mace.

7.0 Abubuwan Kiyayewa

Akwai haɗari biyu a wannan hanya. Na farko shi ne a mai da ƙagaggen labari hujjar tarihi. Ba a yi wani Umar da ya je Ber Kufa ba, ba a kuma yi Ganɗoki ba. Abin da suke ba mu shi ne yadda mutanen wani zamani suka ji abu a jikinsu, ko yadda marubuci ya so a tuna da shi. Ranar da aka yi yaƙi da sunan wanda ya ci, wannan sai a nema a wani wuri.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa, wato a ɗauka cewa littafin haƙiƙa ba shi da ɓangare. Tarihin Kano daga fada ya fito. Tarihin Fulani waziri ɗan waziri ne ya rubuta shi. Labarin Baba ya biyo ta hannun Baturiya wadda mijinta, M. G. Smith, yake binciken zaman jama'ar Zazzau a lokacin, kuma ba makawa tambayoyin da aka yi mata sun taimaka wajen zaɓen abin da ta faɗa. Hatta yabon da Baba da Ganɗoki suka yi wa zaman lafiyar Turawa, ya kamata a tuna wa ya riƙe alƙalami a ɗaya, wa kuma ya riƙe maɗaba'a a ɗayan. Saboda haka ba ana kawo littafin haƙiƙa ne don ya zama alƙali a kan na ƙirƙira ba. Shaidu ne su biyu, mai karatu shi ne alƙali.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa zuben Hausa na ƙirƙira da na haƙiƙa sun tashi ne suna jingine da juna, kuma raba su da aka yi a manhaja ya rage wa kowanne ƙarfi. An ba da shawarar a karanta Shaihu Umar tare da tarihin Kano da labarin Baba, Ganɗoki tare da Tarihin Fulani, Ruwan Bagaja tare da Tafiya Mabuɗin Ilmi, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne tare da littattafan al'ada.

Saura abu biyu da suka rage ga hukumomi. Masu tsara manhajar Hausa a kwalejoji da jami'o'i suna iya sanya wa kowane ƙagaggen labari abokin karatu daga cikin littattafan haƙiƙa, ko da babi ɗaya ne, a kuma yi tambayar jarrabawa a kan su biyun tare. Masu maɗaba'a kuma ya kamata su dubi littattafan haƙiƙa da idon rahama, domin ƙagaggun labaran 1934 jarrabawa ta riƙe su a kasuwa, amma abokan nasu ba su sami wannan gata ba. Labarin Baba musamman ya cancanci bugu mai araha da Hausar da ta faɗe shi, yadda jikokin mutanen Karo da Giwa za su iya saye su karanta. Ɗalibin da aka bai wa Shaihu Umar ba tare da Baba ba, an ba shi labarin uwa ɗaya ce wadda aka ƙaga, alhali ga wata tsohuwa ta gaske a gefe wadda ta ga irin abin da idonta.